Shawara nake nema: ɗana ya daina zuwa sanawi (sakandare), in mayar da shi ta kuɗi ko in bar shi a ta unguwa?

Maman Yara (Gadarif):

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya cika min ciki. Mu mutanen Wad Madani ne a Sudan, can aka haife ni can na haifi yarana duka, mun fito a Disamban 2023 da gari ya rikice muka sauka Gadarif gidan ƙanwar mahaifiyata. Babansu ya koma bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025, yana can yana lallaɓa gidan don ko ƙyauren ƙofa ba a bar mana ba, mu kuma ya ce mu dakata tukuna.

Damuwata babban ɗana ne. Yana aji ɗaya a sanawi yaƙi ya tashi 15 ga Afrilun 2023, daga nan ya yi kusan shekara biyu ko biro bai riƙe ba. Yanzu shekarunsa 18, gemu ya fara tsirowa, aka sa shi aji biyu a makarantar jugrafiyya ta nan unguwarmu, wato ta gwamnati da ake kai yaro don tana kusa da gida. Sati uku ya yi ya daina zuwa. Ya ce wa ƙanwarsa wai ya yi wa ajin girma, yara suna kiransa ammu, wato baffa, kuma lissafi ya gudu daga kansa ƙaf. Ni bai faɗa min ba, kun dai san ɗan fari, ko sunansa ba na kira balle in zaunar da shi mu yi doguwar magana. Yanzu yana bin wani ɗan'uwanmu da karo, wato amalanken jaki, suna sayar da ruwa, kuma na ji yana cewa in an fara yankan riɗi zai tafi gonaki, in an gama ya wuce arewa wajen haƙar zinariya. Wannan maganar zinariyar ita ke hana ni barci wallahi.

Yayana da ke Jidda ya ce in cire shi in kai shi makarantar kuɗi can cikin gari, zai riƙa turo kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya ce suna fitar da nisba, wato maki, mai kyau a shahada, jarabawar gama sanawi. Na so in amince nan take amma akwai abin da ya tsaya min a rai. Ustaz ɗin lissafi na makarantar unguwar sau biyu yana zuwa gidanmu. Zuwan farko bayan la'asar ne an yi ruwa, kun san taɓon Gadarif yadda yake kama ƙafa, ya naɗe wando har gwiwa takalmansa a hannu, ya zauna bakin angarib, gadon nan na igiya, ya sha shayi, bai ce masa me ya hana ka zuwa ba, cewa kawai ya yi wurin zamanka na jikin taga ban ba kowa ba. Zuwa na biyu bai same shi ba sai ya bar masa takardu ya rubuta da hannunsa, darasin da aka yi bayansa. Shekaranjiya ina gyaran shimfiɗa na ga takardun ƙarƙashin matashinsa, gefensu duk ya yi datti alamar ana buɗewa.

To jama'a ya zan yi? In bi kuɗin yayana ko in bi wannan bawan Allah?

Ɗan Sinnar a Makka:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni dai gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi, ki karɓi tayin yayanki. Wannan ustaz ɗin mutumin kirki ne ba shakka, Allah ya saka masa, amma ranar shiga jami'a ba a tambayar wa ya zo gidanku da taɓo a ƙafa, nisba kawai ake dubawa. Darussa bakwai ake haɗawa a raba, kuma huɗu daga ciki dole ne, Larabci da Turanci da addini da lissafi, in ɗaya ya ja ka ƙasa shi ke nan. Likitanci a Jami'ar Khartum sai ka haura casa'in, ko injiniya ma ba wasa ba ne. Ni jugrafiyya na yi, ajinmu in ka zauna baya ko allon ba ka gani, malamin Turanci kuma muka yi rabin shekara babu, na fito da abin da bai kai ni ko'ina ba shi ya sa yau nake nan ina aikin shago a Sharar Mansur. Yanzu kuma abin ya fi da lalacewa, malamai sun yi watanni ba albashi tun da yaƙin nan ya fara, wannan da kike yabo gobe yana iya samun wata hanya ya tafi kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Sannan a sabon wuri ba wanda ya san shi, ba mai ce masa ammu. Wani lokacin yaro canjin wuri kawai yake so.

Ustaza daga Kassala:

'Yar'uwa sannu da ƙoƙari, na karanta rubutunki sau biyu. Ɗan'uwana na Makka ban ƙi taka ba, maganar nisba gaskiya ce, amma ka yi gaba da yawa. Yaron nan ba tsakanin saba'in da casa'in yake ba yanzu, tsakanin aji da ramin zinariya yake. Wanda bai zauna jarabawa ba wace nisba za a lissafa masa?

Shekara 19 nake koyarwa a sanawi ta 'yan mata, kuma abin da na gani shi ne ɗalibin da ya yanke karatu ba darasi ne ke fara dawo da shi ba, mutum ne. Sai ya tabbata in bai zo ba akwai wanda zai lura, ba lura irin ta cika rajista ba, lura ta wanda zai ji ba daɗi. Makarantun kuɗi akwai nagari ban ce babu ba, amma da yawansu waɗannan hotunan da suke liƙawa a bango na yaran da dama can masu ƙoƙari ne suka jawo su, yaro mai rauni yana biya yana zama baya, in shahada ta matso ba a damu da shi sosai ba don ba shi zai ɗaga sunan makaranta ba. Naki kuma lissafi ne ya kwance masa, ga raksha, wato keke mai ƙafa uku, har biyu kafin ya isa, ga ba wanda ya san gidanku. Ranar da ya sauka a kasuwar amfanin gona ya shiga dakon buhu maimakon aji, sai ki yi wata ba ki sani ba.

Bari in faɗa miki yadda muka yi a wajenmu. Makarantarmu ta yi watanni tana cike da nazihin, wato 'yan gudun hijira, kowane aji iyali uku huɗu an raba da zannuwa, bencina wasu sun karye wasu an yi girki da su, ba na ganin laifin kowa, yunwa da sanyi ne. Da aka ce a buɗe ba gwamnati ce ta gyara ba, nafir aka kira, gayya ke nan irin tamu. Maza suka zo da siminti da farar ƙasa, wani kafinta ɗan unguwa ya kwana uku yana haɗa bencina bai karɓi ko fam ɗaya ba, mata suka yi sanduƙ, wato asusu, na faɗur, karin kumallon yara. Kuma faɗur ɗin nan kar ki raina shi. Ƙarfe goma in an fita kowa ya buɗe sandwic ɗinsa na ful ko ɗa'amiyya, yarinyar da ba ta da shi sai ta shige aji ta kifa kai a benci ta ce kanta ke ciwo, in ta yi haka kwana huɗu biyar ba ki ƙara ganinta. Sai muka ce ba mai ci shi kaɗai, a zuba a babban faranti a yi fatta kowa ya sa hannu, mai shi da marar shi ba a ganewa. Wallahi wannan farantin ya riƙe min 'yan mata fiye da duk wa'azin da na yi a ɗabur ɗin safe, wato layin taron ɗalibai.

Maganar girma kuma, ajina yanzu akwai mai 15 akwai mai 20 har da mai goyo, yaƙi ya cakuɗa shekarun kowa. Abin da nake yi manyan nake ba riƙon aji, su ke tsara ɗabur, su ke riƙe makullin kabad, in ƙarama ta yi rashin kunya su nake turawa. Girman da suke jin kunyarsa sai ya koma abin da ake girmama su da shi. Ki roƙi ustaz ɗin ya yi wa naki haka, ina jin ma ya riga ya yi tunanin.

Shawarata ga kuɗin yayanki, kar ki mayar, amma ki juya shi. A biya masa darasin yamma na lissafi da Turanci, in zai yiwu wajen wannan ustaz ɗin, kuma a biya shi da mutunci kar a bari ya ce a barshi, don zai ce a barshi, alhali shi ma yana da yara a gida. A saya masa littattafai da takalmi, a ba shi ɗan abin da zai riƙe a aljihu don kar ya ji ya bar karo ya koma roƙon kuɗin faɗur wajen uwa, namiji mai 18 wannan yana masa ciwo sosai. Zaɓen ilmi ko adabi, wato ɓangaren kimiyya ko na adabi, sai aji uku, kina da shekara guda cur ki ga inda kansa ya fi kamawa.

Ban ce duk malaman gwamnati haka suke ba fa, akwai waɗanda ni kaina ba zan ba su 'yata ba, mai zagi da gori yana nan. Amma ke Allah ya haɗa ki da na kirki har ya tako gidanki.

'Yar Damazin:

Inna sannu, ni ƙarama ce a nan amma abin ya taɓa ni shi ya sa zan sa baki. Mu rikicin Yulin 2022 ne ya fitar da mu daga jihar Nil Azraƙ muka koma Rabak, ina aji biyu lokacin. Ranar farko a sabuwar makaranta aka ce in tashi in karanta, mu a gida Hausa muke yi kuma akwai haruffan Larabci da in na tsorata ba sa fita daidai, na karanta wata kalma aji ya kwashe da dariya, wata daga baya ta ce a bar ta ta yi da ruɗana, kun san haka suke kiran duk harshen da ba Larabci ba. Na zauna jikina na rawa na rantse a raina ba zan dawo ba.

Ustazar Larabcin ba Bahausa ba ce, 'yar arewa ce, ba ta yi faɗa ba ba ta daki kowa ba. Alli ta ɗauka ta ce min zo, faɗa min yadda ake gaisuwar safe da harshenku. Na ce ina kwana. Ta rubuta a allo da haruffan Larabci ta ce kowa ya maimaita, suka yi ta karkacewa, sai ta ce to kun gani wannan da kuke wa dariya harshe biyu gare ta tana koyon na uku, ku fa? Tun daga ranar kullum ta shigo sai ta kalle ni ta ce ina kwana, da irin nata bakin, in ce lafiya lau ya ustaza. Har yau in na tuna sai na ji hawaye.

Mu ne dufa'ar 2023, rukunin da ya kamata ya zauna shahada a shekarar, da aka yi ta ɗagawa har sai 28 ga Disamban 2024 muka zauna. A tsakanin nan sau biyu ana zuwa neman aurena kuma babana ya kusa amincewa, ba don mugunta ba, nauyi ne ya yi masa yawa, ita ce ta zo da mijinta suka zauna da shi a zaure har magariba, ban san me suka faɗa ba amma daga ranar ya ce sai na gama. Kuma ba ita kaɗai ba, maƙwabciyarmu mai sola ita ta ce in riƙa zuwa karatu da dare, tana ajiye min shayi a filas ta je ta kwanta. Ranar jarabawa masu raksha na unguwa kyauta suka kai mu, mata suna guɗa a bakin ƙofa. Ban shiga cikin ɗari na farko da ake karanta sunayensu a talabijin ba, ko kusa, amma na ci kuma na samu gurbi.

Inna takardun nan da kika gani ƙarƙashin matashi, kar ki nuna masa kin gani. Yana so ya koma, kunya ce kawai, hanyar komawa yake nema wadda ba za a ce an kayar da shi ba.

Dattijo daga Mai Wurno:

Salamu alaikum. 'Yata, jikana ne ke rubuta min wannan don idanu sun yi rauni. Garin namu kakanninmu suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawa, da suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka zauna bakin Nil, kuma sun daɗe ba su yarda da makarantar gwamnati ba, allo kawai, don abin da suka gudo wa ke nan. Ni kaina sai da na yi nisa a allo aka sa ni, na fi kowa tsawo a ajin, don haka ciwon ɗanki na san shi. Abin da ya sauko da iyayenmu malamai ne. A lokacin malami daga nesa ake turo shi, wasu sun fito makarantar horon malamai ta Bahtar Ruda da ke Duwem wadda aka buɗe tun 1934, su zauna a gidan malamai da ake kira mez ba mata ba dangi, sai gari ya ɗauke su, yau tire daga gidan wane gobe daga gidan wane, in an yi suna ko rasuwa suna sahun gaba. Malamin da ya ci tuwon gidanku ba ya iya ganin ba ka aji ya yi shiru, kai ma ba ka iya haɗa ido da shi a masallaci. Ke da kike 'yar Madani kin san makarantar Hantub a tsallaken kogi, manyan ƙasar nan da yawa can suka fito, kuma ki tambayi duk wanda ya yi ta, ba gini zai fara ba ki labari ba, sunan wani malami zai kira.

Abin da zan ƙara a kan maganar ustaza, wannan ba aikin uwa ba ne ita kaɗai, balle ɗan fari. Ɗa na kowa ne. Ki samu mijin innarki ko limamin unguwa su kira mai karon nan su yi masa magana, shi ne makullin, in ya ce ba zan ɗauke ka da safe ba sai bayan an tashi makaranta, an gama rabin aikin. Babansa kuma ya kira shi a waya su yi magana ta maza, ba faɗa ba. Riɗi ba ya jira, in ya bushe tsagewa yake ya zube shi ya sa masu gona ke zuba kuɗi a kwanakin, yaro yana ganin wannan dole ransa ya biya, to a yi masa alkawarin wani abu da zai maye gurbinsa tun kafin lokacin ya zo. Kuma ki aika wa malamin nan da tire ko sau ɗaya a sati, ko godogodo ne.

Ɗan Sinnar a Makka:

Baba na ji, ustaza ma na ji, kun fi ni sanin halin da ake ciki a gida yanzu, na janye rabi. Amma Hajiya dan Allah in ya shiga aji uku a sake duba maganar, in makarantar ba ta da malamin fiziya da kimiyyar sinadarai kar a bar shi haka don kara, a nema masa ko mu'askar ne, wato sansanin bita, kafin shahada. Ni abin da ya same ni nake gudar masa.

Maman Yara (Gadarif):

Jama'a na gode Allah ya bar zumunci, kwana tara ban leƙo ba sai yau. Na yi yadda Baba ya ce, mijin innata ya kira mai karon bayan sallar isha, ashe shi ma abin yana damunsa kunyar korar yaron yake ji, yanzu sun shirya sai ƙarfe uku yake karɓar jakin ya yi zuwa magariba, Juma'a da Asabar kuma yini. Yayana da farko ya ji haushi ya ce na raina tayinsa, sai na tura masa abin da ustaza ta rubuta, washegari ya turo kuɗin darasin yamma har da na takalmi. Ustaz ɗin kuwa kamar yadda kika faɗa ya ce a barshi, sai da mijin innata ya rantse masa sannan ya karɓa, ya ce amma da sharaɗin zai haɗa shi da wasu yara uku nazihin da ba su da mai biya musu.

'Yata ta Damazin ban nuna masa na ga takardun ba. Ranar Lahadi da asuba na ji motsi a tsakar gida, na leƙa ta taga na gan shi yana goge rigar makaranta da dutsen guga na gawayi, na koma na kwanta kamar ban farka ba. Ya je Lahadi da Litinin, Talata bai je ba ban san dalili ba kuma ban tambaya ba, Laraba ya koma. Ƙanwarsa ta ce an ba shi riƙon ƙararrawa da tsara layin ɗabur. Maganar riɗi dai har yanzu bai ce ya fasa ba, saura 'yan makonni a fara yanka, babansa ya ce zai kira shi daren Juma'a. Ku ci gaba da sa mu a addu'a. Ustaza in ba damuwa ki faɗa min wane littafin bita na lissafin aji ɗaya ya kamata in nema masa a kasuwa, ustaz ya ce daga can za su faro.